Motar Kawu da Take Tsayawa a Maƙabarta

Har gobe ba zan taɓa mantawa da shekarar da jam'iyyu suka fara ɓullowa ba, don a shekarar na saka mamaci cikin maganar da babu ruwansa. Lokacin ina bakanike a Gazawa, ina jin kaina kamar ni na ƙera ƙarfe.

Kawu Mati ya rasu ya bar tsohuwar mota irin ta zamanin Turawa. Kafin ya cika ya ce wa matarsa, Inna Hajo, kada a saka masa mota cikin hayaniyar siyasa. Ni kuwa na riga na yi wa 'yan jam'iyyarmu alkawarin mota. Na yi ta yi wa Inna daɗin baki har ta miƙo makulli.

Da na duba, man birki ya yi ƙasa. Ina da wani gwangwani da wani Bature mai aikin rijiyoyi ya bar mini, man silikon, launinsa shunayya. Ya ce ba ya shan ruwa, ba ya cin fenti, ya dace da tsohuwar mota. Ya kuma ce sai an zubar da tsohon mai tas, an wanke, an sauya robobin birki, don tsohon mai da wannan ba sa haɗuwa. Na ji shi sarai. Amma ina zan samo robobin motar da ta girme ni? Na tuttula shi a kan tsohon (ina fito da baki ma, don ku ji ƙarfin hali).

Mukan zaga gari da lasifika, sannan mu kama hanyar Gangara. Ran nan muna isa daidai maƙabartar da aka binne Kawu, sai mota ta fara nauyi kamar an riƙe ta ta baya. Na taka totur, inji ya yi gurnani, ta tsaya cik. Tsakar rana ce, babu iska, babu ko akuya. Wani wari kamar na ƙonannen gashi ya taso. Masu waƙar jam'iyya suka diro. Muka tura, ta ƙi. Muka koma gefe muka zauna, can an jima ta saki don kanta.

Washegari ma a nan ta tsaya. Na lallaɓo da ita gida dab da magariba, na kashe, na fito, na kulle. Sai Inna ta ce, "Ɗan nan, waye a ciki?"

Na waiga. Fitilun birki na ci jawur, alhali ba kowa a kujera. Muka tsaya muna kallo har suka mutu da kansu. Kuma ni, bakanike, ni na fara cewa, "Inna, wannan ba aikin ƙarfe ba ne."

Wannan magana ta kayar da baiwar Allah. Ta daina cin abinci. Kullum na gwada motar na dawo, sai ta ɗauko tabarma ta zauna a bayanta tana magana ƙasa-ƙasa da fitilun. Ni kuma ina tasha ina ba da labari, ina ƙara masa gishiri (har na ce na ji tarin Kawu a kujerar baya, Allah ya yafe mini).

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kira liman ya yi addu'a. Unguwa ta cika ƙofar gida. Liman ya ce a buɗe ko'ina. Na buɗe ƙofofi, na ɗaga murfin inji, na kwance marfin tukunyar man birki. Abin da ke ciki ya rabu biyu, shunayya a sama, wani dalala mai gudaji a ƙasa kamar nonon da ya tsinke. Robar marfin ta kumbura ta yi suntum. Mutane suka ja baya suna a'uziyya. Wani direba ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai irin wannan ba.

Ni na taɓa gani. A tsaye nake da marfi a hannu komai ya faɗo mini. Robobin ciki sun kumbura sun toshe hanyar da mai ke komawa. In an zaga gari birki ya ɗau zafi, sai ya kama, kuma tafiyar daidai maƙabarta take kai mu. Matsin da ya rage shi ke kunna fitilu.

Na so in yi shiru, ba zan ɓoye muku ba. Sai na ji Inna na cewa, "Malam, laifina ne. Ya hana, na bayar. Bai yafe mini ba."

Na ce, "Inna, ni ne. Ni na zuba."

Na yi bayani tiryan-tiryan, kaina a ƙasa. Liman ya naɗe carbinsa ya ce, "To ai sai ka yi mata taka addu'ar, da sifana." Dariya ta ɓarke, har da waɗanda ɗazu suke neman hanyar gudu. Na ji kunya kamar in shige tukunyar in rufe.

Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Da aka watse ta matso ta dafa fitilar baya, ta daɗe a haka. Na zaci zagi zan sha. Sai ta ce, "Ashe ba shi ba ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Da ka bari an kwana biyu, ɗan nan. Ban gama ba shi haƙuri ba."

Tun daga ranar ba na haɗa mai biyu a tukunya ɗaya, ko wa ya ba ni. In kuma mota ta yi abin al'ajabi, nakan taɓa ƙafarta in ji ko da zafi kafin in buɗe baki, don fitilun na gyara su cikin yini ɗaya, amma Inna ta kai wata tana leƙa su da magariba.