Ranar da Sunayen Mutanen Dogo-Dogo Suka Ɓace

Ba zan taɓa mantawa da watana na biyu a biro, wato ofishin koperatib ɗin manoman gyaɗa na Magaria ba. An ɗauke ni aikin kula da ordinater, wato kwamfuta, ni kuwa ina ta buɗa kafaɗa kamar ni na ƙera ta.

Biro biyu gare mu, Magaria da Dungass. Duk sunan da aka shigar a rumbun bayanan Dungass, da rezon intanet ya zo sai ya kwafu ya bayyana a wurinmu. To, akwai wani tablo, wato jadawalin sunaye, na gwaji da wanda na gada ya bari, yana ta kwafuwa a banza. Shef, shugaban bironmu, ya ce in cire shi daga jerin masu kwafuwa. Na ce, "Shef, ai aikin minti biyu ne." (Minti ɗaya ma na yi, don a san an ɗauki gwani.)

Sunan tablon gwajin "manoma2". Ni kuwa "manoma" na cire.

Ba wanda ya lura sai ranar rabon iri. Mutanen Dogo-Dogo, da ke yin rajista a Dungass, suka iso da amalanke da hantsi, na hau kiran suna. Da na gama, wani dattijo, Malam Idi, ya matso ya ce, "Ɗana, mu fa ba mu ji namu ba."

"Baba, in ba ka a ordinater, ba ka yi rajista ba ke nan."

Sai jama'a suka miƙe, kowa na cewa ya yi. Ga damina ta ƙarato, wanda bai samu iri ba ya rasa shukar fari.

Shef ya kira Madam Hadiza, mai shigar da sunaye a Dungass, ya ƙara muryar wayar kowa na ji. Ta ce da hannunta ta rubuta su, a ba ta mai ordinater.

"Ƙanena, rage muryar mu yi magana." (Na danna ko'ina, wayar shef ta ƙi ni.) "To shi ke nan. Na ji an sa ka cire wani tablo. Wanne ka cire?"

Na duba.

"Manoma, Madam."

"Mai lamba biyu?"

"Marar lamba."

Malam Idi ya ce, "Ashe mun yi rajistar."

Madam Hadiza ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta gaya wa shef sunayen ne suka yi kama, kowa zai iya ruɗewa. Ta bi da ni mataki-mataki na mayar da tablon, sannan ta buɗe kayenta, littafin rajista, tana karanto sunaye ta waya, ana auna iri, kafin kwafin ya iso. Kafin la'asar kowa ya ɗaure buhunsa. Malam Idi har albarka ya sa min, abin da ya fi zagi nauyi.

Yanzu kafin in cire kome, sai na ɗora yatsa a kan sunan na karanta shi a fili sau uku, kamar ɗan ajin farko a lekol. Abokan aiki suna dariya. Su yi ta yi.