Dunƙule a Ƙarƙashin Hula

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa zan manta duk baƙaƙen da Malam Nasiru ya sha wahalar cusa mini a ajin yaƙi da jahilci.

Abin ya faro ne daga asibiti. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in rabu da dunƙule, wannan ɗan sinadarin miya da ake naɗewa cikin takarda mai ƙyalli. A daidai lokacin kuma Hajiya, maiɗakina, za ta Gusau jegon ɗiyarmu. Ta ce ba ta tafiya sai ta ga wanda zai riƙa dafa mini abinci, don ta san halina da masu tsire.

Haka na ɗauki kuku. Sunansa Baba Audu, dogon dattijo mara dariya, wanda ya daɗe yana girki a wani otal. Ranar farko ya zauna a zaurena a unguwar Runjin Sambo, nan Sakkwato, ya shimfiɗa mini sharuɗɗa kamar shi zai ɗauke ni aiki. Ba ya taɓa kajin gidan gona, sai na Hausa masu kiwo a bola. Tumatir da alayyafo sai na wani manomin fadama da bai san takin zamani ba, bai san feshi ba. Daddawa zai sa, da ɗan man shanu. Dunƙule kuwa ko a mafarki.

Na ce na yarda. (Na ɗauka irin yardar da ake yi wa likita ce, a fito a ci gaba da harka.)

Gaskiya abincin yana da kyau a ido. Amma bakin da ya tsufa da dunƙule, in ka ba shi miyar Baba Audu sai ya ji kamar an gaishe shi ba a tambayi iyali ba. Na yi haƙuri, don ni mutum ne mai haƙuri, har na ga haƙurin yana ramar da ni. Sai na soma sayen dunƙule a shagon bayan layi. In Baba Audu ya aje akushi ya juya, in murmushe ɗaya a kai in juya da yatsa. Wata rana ya tsinci guda a aljihun rigata, nan take ya buga wa Hajiya waya. Abin da kunnena ya ji daga Gusau ba na rubutawa ba ne. Daga ranar na maida ma'ajiyata ƙarƙashin hula. Har ɓare takardar nake yi tun a shago, don kada ƙararta ta tona ni.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma a aji sai na zama mai wa'azi. Ajinmu na dattawa ne, muna haɗuwa bayan la'asar a wata firamare kusa da Ƙofar Taramniya. Ranar da Malam Nasiru ya karantar da mu darasin abinci mai gina jiki, na miƙe na ce ni na wuce nan, kuku gare ni, ba abin da ke shiga cikina sai abin da ƙasa ta fitar da kanta. Na nuna taubashina Ɗanjuma, mai sayar da albasa, na ce ku dubi tumbinsa, buhun takin zamani ne ke yawo da ƙafafu. Aji ya kwashe da dariya.

Ɗanjuma ya ce, "To Alhaji, tunda kai ad da kuku, gayyace mu mu gani da bakinmu."

Na ce Asabar, da hantsi.

Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Da safe na biya shago na loda hula kamar kullum, da niyyar in na koma gida in sauke kayan a wani lungu. Ina shan kwana sai na hango 'yan ajinmu a ƙofar gida, har da Malam Nasiru. Mutanen da kullum sai an fara darasi suke shigowa, ranar tuwo sun riga mai gida.

Muka zauna a zaure. Ana aje tuwon gero da miyar zogale da kazar Hausa aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Suka hau ci suna santi. Ni kuwa ina tura loma salam, ba ɗanɗano, ina cewa, "Kun ji ko? Wannan shi ne abinci. Ni yanzu ko warin dunƙule na ji sai zuciyata ta tashi."

Ina faɗin haka zufa na aikinta a ƙarƙashin hula.

Ƙudaje ne suka fara ganewa. Ga kaza a gabansu, ga man shanu, amma suka bar akushi suka yi sansani a kaina. Ina kora suna dawowa da 'yan'uwansu. Sai Baba Audu ya shigo da ƙarin miya, ya tsaya tsakar zaure yana shinshina iska.

Ya ce, "Wani ya shigo da dunƙule gidan ga."

Na ce, "Ɗanjuma na! Jikinsa ma warinsa yake."

Ɗanjuma ya zazzage aljihunsa, goro kawai ya faɗo. Ana cikin dariyar haka na ji wani abu mai ɗumi ya gangaro daga goshina, ya bi gefen hanci, ya tsaya a gashin baki. Na lasa ba da niyya ba. Wallahi abin da ya fi komai daɗi ke nan da na ɗanɗana ranar.

Malam Nasiru, yaron kirki, ya zaro ido. "Subhanallahi! Alhaji, jini ne? Ko hawan jinin ne ya fasa? A nemo keke mu tai asibiti!"

Nan fa na ga hanya biyu, kowace da kunyarta. Ko in cire hula, ko in ƙirƙiro wata ƙaryar. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba jini ba ne, Malam. Rini ne. Furfura nake ɗan shafawa."

(Ka ji fa. Mai jikoki, ya zaɓi a ce yana rina kai don 'yan mata, a kan a ce yana shan miya mai daɗi.)

Dattawa suka kau da kai don kunya. Saura kaɗan in tsira. Amma taubashi ba ya jin kunyar taubashi. Ɗanjuma ya matso, ya dangwali goshina da yatsa, ya kai baki. Ya lumshe ido. Ya sake dangwala.

"Alhaji, rinin ga naka da gishiri shike. Ina aka saida shi? Ko tuwo aka ci da shi?"

Kafin in kare, ya fizge hular. Abin da ke ciki ya riga ya zama kwaɓi, ya manne a tsakar sanƙona kamar an yaɓa laka, ragowar guda ɗaya da bai gama narkewa ba ya gangaro ya faɗa cikin miyar Baba Audu, tsulum.

Ban taɓa ganin dattawa na birgima a tabarma ba sai ranar. Malam Nasiru ya juya wa jama'a baya, kafaɗunsa na rawa. Ɗanjuma ya yanko loma ya miƙo hannu wajen kaina yana cewa, "Sunkuyo in ɗan taɓa, miyar ga ta yi salam." Baba Audu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauke kwanon miyar ya fita da shi a nesa da jikinsa, kamar mai fitar da mushen ɓera, ya dawo da sabulu da buta ya dire a gabana.

Na sha roƙo kafin ya yarda ya ci gaba da aikin. Sharaɗinsa guda: in zan ci abinci, in cire hula in miƙa masa. Haka nake ci har yau, kai a buɗe kamar yaron da aka kai aski, kuma bakin ya saba, jinin ma ya sauka. A aji kuwa sunana ya koma Alhaji Kan Miya, har wani sa'in Malam Nasiru kan yi tuntuɓe da shi wajen kiran suna.

Abin da na koya, bayan baƙi da wasali: in ba ka iya barin abu ba, to ka bar wa'azinsa. In kuma ka nace sai ka ɓoye, a Sakkwato dai, cikin bazara, nemi abin da ba ya narkewa.