Simiyu Gwanin Zaɓen Gwaji

"Ku bar ni da hancina kawai!" in ji Simiyu, yana dukan ƙirji har shayinsa na zuba. "Ni daga bakin ƙofa nake jin warin kuskure a manhaja. Ku je Kigali ku tambaya!"

Aboki, da ka ga mutumin: gajere, tumbi ya riga shi shiga ɗaki, tabarau kullum a goshi. A ofishinmu na Nairobi, Farfesa muke ce masa a gabansa, Ganga in ya juya baya.

Manhajar sayar da tikitin bas muka haɗa wa wani kamfanin sufuri, ga Kirsimeti ta ƙarato. Gwaje-gwajen da ke jiran a yi sun kai dubbai, lokaci kuma babu, dole a zaɓi wasu a bar wasu. Shugabarmu, Madam Nyokabi, ta damƙa aikin ga mai hanci.

Abokiyar aikinmu Mutheu ta ce, "Farfesa, mu fara da inda aka yi gyara kwanan nan mana, da inda in ya lalace fasinja zai yi kuka."

"Haba ƙanwata, me ya kai ni tsokanar fitina?"

Sai ya tsince gwaje-gwajen da ba su taɓa faɗuwa ba, wai su ne masu tarbiyya. Allo ya yi kore shar, alamar duk sun ci. Ganga har da taka rawa.

Madam ta leƙo. "Sauran fa?"

"Yanzu za a shiga kimiyya, Madam. Ƙuri'a!"

Ya rubuta lambobi a gutsattsarin takarda, ya zuba a ledar da ya gama cin mandazi, wato fanken Kenya, ya girgiza. Mai ya jiƙe tawadar kaf. Gogan naka bai karaya ba, ya riƙa ɗaga takarda sama yana cankar lamba. Ƙarshenta launin maɓalli ɗaya ya yini yana gwadawa. Daga nan ya sayi tikitin Kisumu da sunansa, kujerar tsakiya, ya sake sayen ita dai kujerar, ya kuma sake.

"Ta ci jarrabawa!" in ji shi. "A sake ta ga fasinjoji!"

Ranar buɗewa mai kamfanin ya zo da kansa, dattijo Mzee Ng'ang'a. Ya rubuta sunansa, ya danna. Manhaja ta yi karo da ɗan waƙafin da ke rataye a sunan, ta faɗi sumammiya.

Simiyu ya share gumi. "Mzee, da za ka ɗan rage sunan…"

"Sunan ubana zan rage?"

Ana cikin haka, aka bugo daga tasha: bas ɗin Kisumu ya ƙi tashi. Madam ta tasa Farfesa gaba, muka bi.

Mun tarar da mawaƙan coci guda suna ta rigima, duk kujera ɗaya aka sayar musu, ta tsakiya. Direba kuwa yana tsaye a ƙasa, hannu a ka. A mazauninsa wata tsohuwa ce ta hakimce, kaza a cinya, hannu a kan sitiyari. Tikitinta lafiya lau: kujera mai lamba sifili.

"Je ka sauko da ita," in ji Madam.

Simiyu ya gyara tabarau, ya rusuna. "Kaka, kuskure aka samu. Ni ne babban mai gwajin manhajar, ni na duba komai da kaina."

Tsohuwa ta dube shi daga tumbi har takalmi.

"Kai ne ka duba?"

"Ni ne, Kaka."

"To indai irinku ake kira gwanaye a kamfanin nan, gara in tuƙa da kaina. Ungo, riƙe mini kazar nan, jikana. Kar kuma ka nuna mini birki, zan tambayi wani."