Yadda Za Ka Haɗa Injin Aika Murya Don Kada Ka Ba Ɗiyarka Haƙuri A Waya

Kai mai girman kai, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari muryarka za ta kai Gummi daga Bukkuyum ba ka taɓa salula ba. Ni shaida ce: maigidana Malam Haladu ya gwada bara.

1. Fara da laifi

Ranar sunan jikanka a Gummi, ka tafi Anka ka shantake wurin mai gyaran rediyo har a watse. Ɗiyarka za ta yi fushi, kamar yadda Jannatunmu ta yi wata huɗu. Kada ka kira ta. Ai uba ba ya kira, sai dai a ji shi.

2. Nemo kwalabe

Tsofaffin rediyoyi na zamanin kakanni suna da ƴan kwalabe a ciki, masu yin ja kamar garwashi in sun ji wuta. Su za ka ciro. In wani ya ce yanzu an daina yayinsu, dube shi da tausayi.

3. Ɓoye asalin zanen

Dole sai da zanen da ke nuna inda kowace waya za ta bi. Malam ya kwafo nasa daga littafin marigayi Bature mai gyara, Bature ya kwafo daga wata tsohuwar mujalla, mai mujallar ma Allah kaɗai ya san wanda ya kwafa. Kai dai ka ce a mafarki ka gani.

4. Eriya

Kwance wayar shanyar matarka ka ɗaure a bishiyar dogonyaro. In ta tambaya ina za ta shanya zannuwa, ce mata ilimi yana son sadaukarwa. Ni sati uku ina shanya a kan danga.

5. Yi maganar

Tada janareto da hantsi, kori kowa daga ɗaki. Malam ya yi gyaran murya ya ce, “Gwaji, gwaji.” Can sai muryar ta karye: “Jannatu, ɗiyata, ban kyauta ba. Kawo min yaron in gani.”

Muryar ta yi tafiya, ba shakka. Ta tsallaka katanga ta faɗa rediyon maƙwabciyarmu Hamsatu tana tsaka da tankaɗe. Ko hannu ba ta karkaɗe ba ta kira Jannatu, ta manna salula jikin rediyon: “Ke, saurara! Tsohonki na kuka cikin akwati!”

6. Karɓi yabo

Washegari Jannatu ta sauka daga mashin da goyo. “Baba, na ji ka.”

“Har Gummi?”

“Raɗau, Baba.”

Ya juyo gare ni: “To, mi kika ce yanzu?”

Na karɓi goyon daga bayan Jannatu. Na miƙa masa jikansa.

Gargaɗi: in wuta ta ja ka, ko hukuma ta zo neman lasisi, ban san ka ba. In kuma ba ka da maƙwabciya irin Hamsatu, ɗan nan, ɗauki salula kawai.