Ranar da Na Yaba Ƙibar Ɗan Talatu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena a Guri ba, zamanin Turawa, shekarar da kogi ya cika ya cinye gonaki. Ɗana Habu ya ɗan haura shekara, yana kan nono, amma siriri kamar kara. Ni kuwa mutum ne mai sa abu a rai. Kullum sai na kama damtsensa da yatsu biyu in ji ko ya ƙaru (a hannuna dai bai taɓa ƙaruwa ba). Daga ƙarshe na yanke cewa nonon ne ke hana shi cin tuwo. Na gaya wa matata Hajara muna komawa Hadejia za a yaye shi. Ta yi kuka. Na tuna mata ni fa na yi elimantare.

Ran wuni na shiga cikin gida gaida Gwaggo, mata cike da tsakar gida. Sai ga wani yaro sa'an Habu zaune a tabarma, kumatu cike, ƙafafu suntum-suntum. Aka ce ɗan Talatu ne, maƙwabciyarsu, tun bazara aka yaye shi.

"Hajara, zo ki gani!" na ce da ƙarfi. "Kin ga amfanin yaye da wuri? Tubarkalla! Talatu, me kike ba shi?"

"Kunu," in ji ta, kanta a ƙasa. "In an samu."

Na tsuguna na danna ƙafar yaron, irin wasan da ake yi wa lukutin yaro. Na ɗauke yatsa, wurin da na danna ya zauna rami, bai ciko ba. Yaron bai yi dariya ba, bai ma yi kuka ba. Sai lokacin na ga gashinsa ya yi ja, yana zubewa.

"Kai, tashi ka fita," in ji Gwaggo. "Ciki ta samu aka cire yaron daga nono dole. Tun farkon damina yake kumbura, kai ka zo kana yi mata barka?"

Ban san yadda na kai zaure ba.

Kafin kaka aka aiko mana cewa yaron ya rasu. Na je gaisuwa, na kasa shiga wurin Talatu.

Hajara ta shayar da Habu har shekara biyu, ban sake tofa baki ba. Ya rayu, siriri dai kamar ubansa. Tun daga nan in aka nuna mini ɗan wani, mai ƙiba ko ramamme, sai in ce Allah ya raya, in mayar da yatsuna aljihu.