Ranar da Na Tsaya a Gurbin Dokina

Abubuwa da yawa sun fara zame mini daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a gonar rakena da ke bayan Maƙarfi ba. Har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya yi nauyi.

Sana'ata mazarƙwaila, ita na gada. Ga wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba: akwai ƙarfen matsa mai dogon itace a samansa, a ɗaura wa doki itacen ya yi ta zagaye, mutum ɗaya yana tura rake cikin ƙarfen, ruwan yana tsiyaya. Sai a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Haka na yi shekaru da dokina Ɗanja, har ranar da na ga injin matsa mai shan fetur a Hunkuyi. Na dawo gida na sayar da Ɗanja, na sayo injin. Tsohon ƙarfen ba wanda ya taya, sai na bar shi kafe a gindin mangwaro.

A lokacin ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara hamsin da 'yan kai. Malaminmu, Malam Isiyaku, ya ce kowa ya rubuta layi biyar a kan sana'arsa ya karanta wa aji. Kwana huɗu na yi ina gogewa ina sakewa. Da aka zo kaina na miƙe na karanta da ƙarfi: "Zamanin doki ya wuce. Yanzu zamanin inji ne." (Maƙwabcina Malam Garba yana zaune a benci na biyu. Ya girme ni da kusan shekara goma, kuma har wannan lokacin shi da doki yake matsa rakensa. Na san yana nan. Don shi ma na ɗaga murya, Allah ya yafe mini.)

Malam Isiyaku ya yaba rubutun, amma ya ce hayaƙin man da duniya ke ƙonawa yana cikin abin da ya rikita damina, kuma man kansa ba zai dawwama ba. Na ce, "Malam, wannan ɗan injin nawa ne zai hana ruwan sama?" Aka yi dariya. Daɗin dariyar ya kwashe ni, na gayyaci ajin gaba ɗaya su zo ranar Asabar su ga aikin zamani da idonsu.

A raina kuwa na san maganar malam ba wasa ba ce. Fadamar da nake shiga ina yaro ruwa har gwiwa a tsakiyar rani, yanzu sai an haƙa rijiya an ja da inji, shi ma fetur yake sha. Damina ta zo a makare, ta zubo a haɗe ta kwashe taki, ta ɗauke tun dawa ba ta nuna ba. Raken wannan shekarar ma sirara ne, gaɓoɓinsa gajeru. Hatsinmu bai yi kyau ba, don haka wannan raken shi ne abincin gidana har wata damina.

Ranar Laraba na sa aka sare rabin gonar. Jarkata babu ko ɗigon fetur, amma a gidan mai an ce mini tanka tana hanya, gobe za ta iso. Na yarda, domin ni mutum ne mai haƙuri (matata Saratu tana da wani suna da take kiran wannan halin nawa). Alhamis na wuni a layi. Juma'a na tafi har Kudan a keke da jarka a baya, na dawo da ita yadda na tafi da ita. Masu sayarwa a bakin titi sun kira farashin da ko na matse raken duka ba zai mayar ba. Shi kuwa rake idan an sare shi ba ya jiran kowa. Ruwansa ya fara tsami, in ya yi tsami kuma ko ka dafa shi har gobe ba zai daskare ba.

Na so in kira Malam Isiyaku in ce a ɗaga ziyarar. Wayata ba caji, wuta ta yi mako ba ta zo ba, mai cajin unguwarmu ma ya rufe shago don janaretonsa ba mai. Sai na lallashi kaina cewa tunda babura ma sun tsaya, ba wanda zai zo.

Saratu ta ce, "Baban Rahila, ka je ka roƙi Malam Garba dokinsa mana."

Na ce, "Da wane bakin?"

"Da wanda ka yi karatu da shi."

Ban je ba. Asabar da sassafe na wanke tsohon ƙarfen, na shafa masa man gyaɗa, na ninke tsohon zanen Saratu na ɗaura a itacen na rataya a ƙirjina. Na ce ta riƙa tura rake ɗaya-ɗaya. Na fara zagaye. Jama'a, ban taɓa sanin abin da Ɗanja ya yi mini shekara da shekaru ba sai ranar. Kafin zagaye talatin jiri ya fara ɗibata, sai na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa kawai. Ruwan da ya taru bai rufe gindin bokiti ba. Da na zo wucewa ta gaban Saratu na ga tana share hawaye da bakin ɗankwalinta, tana kallon tulin raken da ƙudaje suka fara bi.

Shekara ashirin da bakwai muna tare, ban iya ganin kukanta ba. Don in sa ta dariya, sai na buga ƙafa a ƙasa, na girgiza kai, na saki haniniya irin ta Ɗanja, doguwa, har da furzar da leɓe a ƙarshe.

Saratu ba ta yi dariya ba. Bayana take kallo.

'Yan ajinmu ne, mutum goma sha ɗaya, da littattafansu a hannu, sun tako a ƙasa tun daga gari. Malam Isiyaku yana gaba. Shi mutum ne mai ladabi, don haka ya yi abin da ya fi kowane zagi zafi: ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa.

"Sannu da aiki, Baban Rahila. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji ni, zane a ƙirji, gumi yana ɗiga daga gemuna.

"Ya iyali? Ya aiki?"

"Aiki da godiya."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Malam Garba ya tako a hankali, ya zagaya injin da ke lulluɓe da buhu, ya zagaya ni, ya duba ƙafafuna kamar mai ciniki a kasuwar dabbobi. Ya ce, "Malama Saratu, wannan naku yana da murya, amma ba shi da ƙafa. Dusa kuke ba shi ko harawa?"

Ta ce, "Tuwo, Malam. Shi ma ya kusa ƙarewa."

A nan ne ya daina wasa. Ya ɗauki kara ɗaya ya karya ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce, "Na Laraba ne?" Na ce eh. Ya juya ya tafi. Sauran suka ajiye littattafai, suka riƙa kama itacen uku-uku suna turawa, har da Malam Isiyaku da farar rigarsa. Kafin azahar Malam Garba ya dawo da dokinsa, ramamme, haƙarƙari a waje. Ya ce in yi masa a hankali, ciyawa ta yi wuya bana, shi ma bai san ko zai iya riƙe shi zuwa baɗi ba.

Kwana biyu muna matsa muna dafawa. Na ƙasan tulin ya riga ya lalace, ya tsaya a kwano kamar kunu, muka zubar. Abin da ya daskare bai kai mu damina ba. 'Yarmu Rahila ta bar makaranta zango guda, akuyoyin Saratu biyu suka tafi kasuwa.

Darasin da na koya bai kai layi biyar ba. Yanzu ba na sa adda a rake sai na girgiza jarka na ji motsi. Idan kuma zan yi wa matata wasa, sai na fara waiwayawa.