An Binne Leonie da Kiɗan Rawa

Jiya muka raka Leonie, matar maƙwabcina Staf, makwancinta da kiɗan rawa. Ba mu muka zaɓa ba, hukuma ce ta yi mana karamci.

Kun san al'adar garin nan. Idan za a ratsa dandalin kasuwa da akwatin gawa, Godelieve, mai kaɗa ƙararrawar gari, kan hau hasumiya ta kaɗa wa mamacin abin da ya fi so, tana dukan sandunan ƙararrawa da dunƙulen hannu. Leonie ta daɗe da yin zaɓinta: wata waƙar opera mai sanyi, inda mace ke sallama da mijinta. Tun tana da ƙafarta take yi wa Staf tuni, har ya gaji da ji.

To, bara Mai Girma Sarkin Kiyaye Haɗari ya leƙa hasumiyar, ya ga matakalar ba ta da ƙarfen dafawa. Ya sa kwaɗo. Godelieve ta tsufa tana hawa ba ta taɓa ko tuntuɓe ba, amma shi Mai Girma ya hango abin da bai faru ba. Aka kira maƙeri. Sai ga Mai Martaba Majiɓincin Tsofaffin Duwatsu yana haki: bangon nan ya girmi kakannin kowa, ba mai huda shi. Ba a hawa sai da ƙarfe, ƙarfe kuma ba ya kafuwa sai da huji. Ofisoshin nan biyu a bene ɗaya suke, butar kofi ɗaya suke sha, amma har yau suna neman lokacin ganawa.

Don kada masu yawon buɗe ido su ji shiru, aka rataya lasifika a jikin majalisa, mai sakin kiɗan ƙararrawa da kanta. An yi jawabi, an yi hoto, an ci cuku.

Ranar da Leonie ta cika, Staf ya sa kwat ɗinsa, na raka shi majalisa.

"Sau ɗaya kawai," ya ce wa matar da ke karɓar baƙi. "Godelieve ta hau, ta kaɗa, ta sauko. In ta faɗo ni zan tare ta."

"Baba, sannu da rashi. Kwamiti zai zauna bayan hutun bazara."

"'Yata, Leonie ba ta taɓa jiran kowa ba, balle yanzu da take firjin asibiti."

Na ce to a kashe lasifikar ranar. Ta ce wannan kuma hurumin wani ofishin ne, mai makullin ya tafi taro ƙasar waje kan yadda ake raya al'adun gargajiya.

Haka muka shigo dandali da gawa, lasifika ta sake mana kiɗan bikin giya. Wasu baƙi masu cin soyayyen dankali suka ɗaga wayoyi suna ɗaukarmu, sun zaci wasa ne aka shirya musu. Ɗaya har da tafi. Godelieve tana gindin hasumiya, hannu a aljihu, tana kallon kwaɗon. Staf bai ɗaga kai ba har muka fita dandalin.

Kada a ce manyanmu ba su da tausayi. Sun aiko da furanni, da kati mai hoton hasumiyar, an ɗauke ta da kyau sosai. Kuma a yi adalci: tun da aka rufe hasumiyar ba wanda ya faɗo. In aka rufe asibiti ma, ba majinyacin da zai sake mutuwa a ciki.

Yau da safe Staf ya buga min ƙofa.

"Kai, mai rubuce-rubucen banza, sa takalmi."

"Ina kuma, Baba?"

"Zan nemi izinin kiɗan tawa jana'izar tun yanzu. A ta Leonie na makara."

Muka koma. Matar ta saurare shi da ladabi, ta ce za a iya karɓar roƙonsa, amma dole ya faɗi ranar jana'izar.

Staf ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya ce:

"Ku fara kafa ƙarfen, sai ku aiko min. Zan daure in jira."

Staf ya haura tamanin, ga tari, ga ciwon gwiwa. Amma duk wanda ya san kwamitocin garin nan ya san tsohon ya samo maganin mutuwa.